Microsoft Security Essentials ko Smadav: wanne ya dace da netbuk mai ram 1GB?

Ɗan'uwa, ka ce netbuk ɗinka, wato ƙaramar laftof mai allon inci 10, tana ɗauke da Windows 7 Starter da ram 1GB (ram shi ne ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), kuma tun da wani mai gyara ya saka maka babbar manhajar antibairos take jan ƙafa, har buɗe Word ma sai ka yi ta jira. Kana so ka cire ta, kana tambaya wanne za ka sa a madadinta tsakanin Microsoft Security Essentials da Smadav, ga shi kuma da ita kake rubuta furojet ɗinka a Samaru.

Kafin a kwatanta su, ya kamata ka san inda nauyin yake. Irin waɗannan kwamfutocin, tun daga Asus Eee PC da ta fito a 2007 zuwa Acer Aspire One da HP Mini da suka biyo bayanta, akasarinsu furosesar Intel Atom ce a cikinsu, mai gudun da bai wuce 1.6GHz ko ɗan sama da haka ba. Shi kuwa Windows 7 mai bit 32, mafi ƙarancin ram da Microsoft ta ce yana buƙata shi ne 1GB, wato daidai abin da kake da shi. Duk manhajar da ta zauna tana aiki a ɓoye daga cikin wannan ɗan abin take ci, kuma da zarar ya cika sai Windows ya koma yana aron wuri a faifan ajiya, wanda ya fi ram jinkiri nesa ba kusa ba. Idan ka ga fitilar faifan tana ci ba ta mutuwa alhali kwamfutar ta tsaya cik, abin da ke faruwa ke nan.

Microsoft Security Essentials ta fito a 2009, kyauta ce, kuma cikakken mai gadi ce: tana duba kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi ko sauko da shi daga intanet. Ba ta da tarkacen da ke cika manyan antibairos, ba talla, ba kiran a sayi wani abu, shi ya sa masu ƙananan kwamfutoci suka daɗe suna yabonta. Sai dai tsufa ya cim mata. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, kuma daga nan ba ta ƙara inganta manhajar kanta ba. Idan ka saka ta, ka riƙa duba kwanan watan sabuntawa ta ƙarshe da take nunawa a fuskarta, domin antibairos da jerin sunayen bairos ɗinsa ya tsaya ba zai gane sababbi ba. Sabuntawar tana cin data, kuma lokacin da take binciken faifai gaba ɗaya Atom zai ji a jikinsa, don haka ka sa mata lokacin binciken a sa'ar da ba ka aiki, kana kuma da wuta.

Smadav aikinta daban ne. Daga Indonesiya ta fito, ƙarama ce ƙwarai, kuma masu ita da kansu suna bayyana ta a matsayin ƙarin kariya da ake haɗawa da wani antibairos. Ƙarfinta yana kan filash, kuma a nan ne ta dace da rayuwarmu ta Zariya. Ɗalibi zai gama babi, ya zuba a filash, ya kai shagon buga takardu a Samaru ko Kongo, a soka shi a kwamfutar da filashin mutane da yawa suka ratsa tun safe. Ya dawo ɗaki sai ya tarar foldojinsa sun rikiɗe sun zama shotkat, wato gumakan da ke nuni zuwa wani fayil kawai. Wannan bairos ɗin ba ya share fayiloli, ɓoye su yake yi ya ajiye gumakan bogi masu sunansu, da ka danna ɗaya sai ya shiga kwamfutarka. Na sha ganin ɗalibai hankalinsu ya tashi suna zaton aikin wata da watanni ya salwanta, alhali yana nan a ɓoye. Smadav tana bincika filash da zarar an soka shi, tana kuma fito da abin da aka ɓoye. Abin da ba za ka dogara da ita a kansa ba shi ne haɗarin da ke zuwa ta shafukan intanet da saƙonnin imel, domin ba don shi aka gina ta ba.

To idan an jera su, ta farko ta fi faɗin tsaro amma ta fi nauyi kuma ta tsufa, ta biyu ta fi sauƙi amma ƙofa ɗaya take gadi sosai. A ganina amsar tana ga ƙofar da bairos ke shigo maka. Idan netbuk ɗin ta rubutu ce kawai, binciken intanet kuma a waya kake yinsa, Smadav ta wadatar, muddin ka daina danna shotkat a cikin filash. Idan kana hawa intanet da ita, sa Security Essentials, ka ƙara Smadav a gefe tunda an yi ta don zama tare da wani. Abin da zan hana ka shi ne haɗa cikakkun antibairos biyu, domin kowanne zai riƙa bincikar fayilolin da ɗayan ya taɓa. Kuma ko wanne ka zaɓa, kada ka shiga asusun banki da wannan kwamfutar, tunda Windows ɗin kansa ba a toshe masa ɓaraka, Chrome ma ta tsaya a kan fitowa ta 109 ga Windows 7 tun Janairun 2023.

Wajen cire tsohon antibairos, ka bi ta hanyar cire manhaja a Control Panel, ka sake kunna kwamfutar kafin ka sa sabo. Sannan ka rubuta msconfig a akwatin bincike na Start, ka shiga sashen manhajojin da ke tashi tare da Windows, ka cire alama daga duk wanda ba ka buƙata, amma ka bar antibairos da na sauti da na faifan taɓawa. Wannan gyaran ana jin amfaninsa nan take. Rage adon fuskar Windows da ake yawan ba da shawara kuwa kaɗan zai ƙara maka, domin Starter dama ba shi da Aero, wato adon tagogi mai kama da gilashi. Kada ka saka manhajojin da ke alkawarin ƙara sauri, su ma ram suke ci. Ka kuma sa a hure maka ƙurar hunturu daga fankar, tunda zafi yana sa furosesa ta rage gudu don kare kanta.

Duk da haka, babu abin da zai sauya maka netbuk ɗin kamar mayar da ram zuwa 2GB, wanda shi ne iyakar abin da Windows 7 Starter ke iya amfani da shi. Yawancinsu gurbi ɗaya gare su, saboda haka cire na 1GB za a yi a sa na 2GB a wurinsa. Kafin ka nufi masu gyara a Sabon Gari, ka duba lambar furosesarka don sanin irin ram ɗin da take ɗauka: Atom N270 da N450 da DDR2 suke aiki, N455 kuwa ana samunta da DDR3, kuma ram na DDR2 ba ya shiga gurbin DDR3, haka ma akasin hakan. Mafi aminci ka tafi da kwamfutar a buɗe a gabanka, a karanta abin da ke rubuce a jikin tsohon ram ɗin, a sa sabon, ka ga ta tashi ta nuna 2GB kafin ka biya. Amma ka fara kwafe furojet ɗinka zuwa imel ko wayarka kafin kowa ya taɓa ta.