USDT ko Bitcoin? Amsa ga ƙanenmu mai tara kuɗin lefe

Wa alaikumus salam. Ƙanena da ya tambaya ko Bitcoin zai saya da naira dubu 500 na lefensa ko USDT, kuɗin intanet ɗin nan da ke bin darajar dalar Amurka, kafin biki bayan Babbar Sallah: USDT za ka saya. Na faɗa tun daga farko don kada ka ƙarar da data wajen neman amsar a ƙasa. In kana da sukuni, ga dalili.

Ni kayan waya nake sayarwa a PZ cikin Zariya, sikirin da batir da caja, kuma duk kayan nan farashinsu da dala yake tafiya, ko a Kano ka saro ko a Legas. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da mutane ke kwana a layin ATM, ina da dubu 600 a banki, ga kuɗi ina gani a waya amma sun gagara fitowa. Wani ɗalibin ABU da ke kawo mini gyara daga Samaru ya zauna a kan bencin shagona ya nuna mini yadda ake sayen USDT ta P2P, wato ciniki tsakanin mutum da mutum a cikin manhaja. Lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Na sayi USDT 800, gabana na faɗuwa, na ma ƙi gaya wa mai ɗakina don kada ta ce na zuba jarin shago a iska.

A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta da kanta. Kafin Fabrairun 2024 dala ta haura 1,700 a hannun 'yan canji. Ranar da na shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sari, sikirin da na saba ɗauka dubu 9 aka ce mini dubu 19, kuma mai kayan ko ɗaga kai bai yi ba, wai in ban saya yau ba gobe ya ƙara. A nan bakin shagonsa, a tsaye, na sayar da 800 ɗin nan a kan 1,600, alat ya shigo na miliyan 1 da dubu 280. Na cika kwalina kamar yadda na saba. Abokin tafiyata, wanda muka tara kusan kuɗi ɗaya amma ya bar nasa a banki, a leda ya riƙo nasa kayan har muka sauka Kwangila. Bai yi mini magana a mota ba, ni ma na ja bakina na yi shiru.

Amma ka fahimce ni da kyau, riba ban ci ba. 800 na zuba, 800 na tarar. Naira ce ta zube, ni kuma ba na kanta lokacin da ta zube. Aikin USDT ke nan gaba ɗaya: kamfanin Tether, wanda ya fara fitar da ita a 2014, ya ɗaure ta da dalar Amurka, ɗaya da ɗaya. Abin da ya sa ta dace da kai shi ne akwatunan nan da leshi da atamfa da takalma da jakunkuna, yawancinsu daga waje suke zuwa, dala na motsawa su ma sun motsa. Sadaki da kuɗin abinci da na haya kuwa da naira za ka biya, don haka wannan kason ka bar shi a banki abinsa. Duk shiga da fita sai an ɗan gutsire ka, tunda farashin saye daban, na sayarwa daban.

Kuma tana iya juya maka baya. A watan Afrilun 2024 dala ta sauko ƙasa da 1,200. Waɗanda suka ji labarin irinmu suka ruga suka saya a 1,700 sun ji a jikinsu. A 2025 kuma ta yi ta yawo a kusa da 1,500, wanda ya ajiye bai ga wani abin a zo a gani ba. Shi kansa kamfanin ba waliyyi ba ne: a 2021 wata hukumar Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 41 saboda bai faɗi gaskiya ba a kan kuɗin da ke jibge a bayan USDT, kuma yana da ikon daskarar da kuɗin kowane walat, wato jakar ajiyar kuɗin intanet, in hukuma ta nema. Duk da haka, tun da na fara riƙe ta ban taɓa kwana da fargabar zan wayi gari rabi ya tafi ba. Kada kuma ka rikita ta da wata mai kama da ita, UST ta Terra, wadda ta rushe a watan Mayun 2022. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma waccan ba dala ce a bayanta ba, lissafi ne kawai.

Bitcoin kuwa, to. Na saya a Nuwamban 2021 yana sama da dala dubu 60, kuɗin hayar shago ya taso a Yunin 2022 yana wajen dubu 20, na sayar dole na kwashi kashi ɗaya cikin uku na abin da na zuba. Na sani, ya haura dubu 100 a Disamban 2024, guda miliyan 21 ne kacal za a taɓa samu, wanda ya iya riƙewa shekara uku ya dara. Masoyansa a zauren nan za su zo su faɗa maka sauran. Ni dai abin da na sani, bai san ranar ɗaurin aurenka ba, kuma surukai ba sa jin "a jira kasuwa ta tashi". In wata rana ka samu kuɗin da ba za ka waiwaye su ba har shekara huɗu, sai mu sake magana.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma shi ya fi cin mutane a garin nan. Ban taɓa ganin wanda USDT ta cinye wa kuɗi ba, amma na ga da yawa da mai sayar da ita ya cinye.

Kwanakin baya wani yaro ya shigo shago da murnarsa, ɗan Tudun Wada, wai in taya shi canza USDT 300 zuwa naira. Ya saya a wajen wani a Telegram, an rage masa naira 200 a kan kowace dala. Na karɓi wayar. Ga suna USDT, ga koren tambarin nan, ga 300 a rubuce, amma wajen da darajarta ya kamata ta fito babu komai. Muka duba a Tronscan, shafin da ke nuna duk abin da ke kan Tron, ɗaya daga cikin layukan da ake tura USDT ta kansu. Ta gaskiya a kan Tron lambar kwantiraginta, wato lambar shaidarta, da TR7NH take farawa, tasa kuwa wata aba ce can daban da wani ya ƙirƙira ya laƙaba mata sunan. Kowa na iya yin haka, kamar yadda ake buga sunan babban kamfani a jikin cajar dubu ɗaya. Ya kira mutumin a gabana, layi a kashe, ya koma Telegram an riga an toshe shi. Ya zauna a kan bencin nan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fi minti goma bai ce uffan ba. Kuɗin adashen mahaifiyarsa ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda yake da dala ta gaske me zai sa ya sayar maka da ita ƙasa da kasuwa?

Don haka ka saya a cikin manhajar musaya da aka sani, inda manhajar ke riƙe USDT ɗin mai sayarwa har ka biya. Duk wanda ya ce ku fita ku ƙarasa a WhatsApp don ya yi maka sauƙi, ka rabu da shi nan take. Ka duba yawan cinikin da ya kammala kafin ka zaɓe shi, kuma sunan asusun da za ka tura wa ya zama daidai da sunansa na manhajar. Ranar da za ka sayar kuma, kada ka saki ko sisi don an turo maka hoton risit ko saƙon tes. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Za su yi ta kiranka, "Alhaji saki mana, wallahi na tura, sauri nake." Bar shi ya yi ta saurinsa. In kuma kuɗin suka shigo da sunan wani daban, mayar da su, don sau da yawa na sata ne ake wankewa ta asusunka, kai za a rufe wa asusu kana zaman zamanka.

Sai masu cewa kawo mu juya maka. Waɗannan sun fi kowa iya sallama da jan aya, kuma yawanci ta hannun wanda kake jin kunya suke zuwa, abokin karatu ko ɗan unguwa, shi ma bai san rami yake jan ka ba. Mun ga MMM ta daskare a Disamban 2016, muka ce mun yi hankali. Sai ga CBEX da alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan suna kwasar kujeru. Su ma da USDT suke karɓa, shi ya sa wasu har yau suke ɗauka ita ce ta cuce su. Tun 2025 doka ta sa harkar kirifto a ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, saboda haka duk mai karɓar kuɗin jama'a ka tambaye shi rajistarsa, ka kuma je shafin hukumar ka duba da kanka, don satifiket ma bugawa ake yi. Masu danna waya da suka yi wata da watanni a kan wasan Hamster na Telegram ana jiran ta fashe, su dai lokaci da caji suka yi asara, da sauƙi.

Wajen ajiya, tunda 'yan watanni ne, kana iya bari a manhajar, amma ka sani amana ka ba su. Manhajar musaya ta FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022 da kuɗin mutane a ciki, Binance kuma ta daina hulɗa da naira a Maris 2024, mutane suka yi ta fafutukar neman wata ƙofa. Ni rabi nake kwashewa zuwa walat na kaina. In za ka yi haka, kalmomi 12 da zai ba ka ka rubuta a takarda da biro, ka ɓoye inda kake ɓoye takardar fili. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Mu masu gyara muna ganin abin da ke cikin hotunan wayoyin mutane, kuma ba kowa ne mai tsoron Allah ba. Ka lura da layin da za ka tura ta kai: in adireshin TRC20 ne, wato na layin Tron, ta TRC20 za ka tura, in ka saɓa ba lalle su dawo ba. Ka kuma ajiye ɗan TRX, kuɗin layin Tron, a walat ɗin, don da shi ake biyan kuɗin turawa, in babu sai ka ga kuɗinka sun ƙi motsi ranar da kake buƙata.

Batun halacci, malamai sun saɓa a kai, kuma a Zazzau ba za ka rasa wanda za ka tambaya ba. Ni dai ba na taɓa wurin da manhajar ke cewa ka ajiye a riƙa ƙara maka kaso, don ya yi mini kama da kuɗin ruwa.

Ka ware na sadaki da na abinci. Sauran ka fara gwaji da dubu 10, ka saya, ka sayar, ka ga sun dawo asusunka, sannan ka zuba ragowar a kashi biyu ko uku, kada ka zuba rana ɗaya. In ka rikice a hanya ka biyo ta shago bayan la'asar da wayarka, amma lambar sirrinka kai za ka danna da hannunka. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.