Sharhi: John Banning, mai haƙo tarihi a fim ɗin The Mummy na 1959

Na kalli wannan fim na kamfanin Hammer na Ingila ne saboda Peter Cushing, wanda ya fito a matsayin John Banning, kuma bai ba ni kunya ba. Tsawonsa bai cika awa ɗaya da rabi ba, Terence Fisher ya ba da umarni. Labarin ya fara a Masar a 1895, inda wasu Turawa masu haƙo kayan tarihi, John da mahaifinsa da kawunsa, suka gano kabarin gimbiya Ananka. Wani Bamisire, Mehemet Bey, ya gargaɗe su kada su shiga, suka yi kunnen uwar shegu. Bayan shekara 3 naɗaɗɗiyar gawar Kharis, mai gadin kabarin, ta biyo su har gida tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ja ni ga John Banning shi ne ba ƙato ba ne mai ji da ƙarfi. Ranar da aka buɗe kabarin yana kwance a tanti da karyayyar ƙafa, ya ƙi tafiya a yi masa ɗori don kada aikin ya wuce shi, shi ya sa yake ɗingishi har ƙarshen fim. Makaminsa karatu ne. Da mahaifinsa ya mutu, kawunsa ya bi baya, sai ya zauna cikin takardu yana haɗa zare har ya gane shi ne na uku a layi. Sa'ad da gawar ta fasa ƙofar gilashi ta faɗo ɗakin karatunsa, ya ɗirka mata bindiga, ya soke ta da mashi har mashin ya fita ta bayanta, ita kuwa ko gezau. A fuskar Cushing kana ganin mutumin da iliminsa ya ƙare a gabansa, amma bai gudu ba. Wannan wurin ya kama ni sosai.

Christopher Lee, wanda ya fito a matsayin Kharis, shi ma ya yi aiki. An yanke harshen Kharis tun yana raye, saboda haka ba ya furta komai, idanunsa kaɗai ke magana ta cikin tsummokara. Kallon da yake yi wa Isobel, matar John, wadda ta yi kama da Ananka, tausayi yake ba ka fiye da tsoro.

Sai dai wurin da ya fi tsaya mini a rai babu faɗa a cikinsa. John ya je gidan Mehemet Bey da niyyar tunzura shi, yana wulaƙanta abin bautarsa, shi kuma Bamisiren cikin ladabi yana nuna masa cewa abin da suke kira bincike, tone makwancin matattu ne a kai su gidan tarihi jama'a na kallo. Mu da aka rene mu a kan girmama makabarta, ko taka kabari ba ma yi, wannan magana ba ta wuce mu haka kawai. Bamisiren mai kisa ne, ban wanke shi ba. Amma tambayarsa gaskiya ce, John bai amsa ta ba, fim ɗin ma ya bar ta a rataye don ya ci gaba da nuna Baturen a matsayin jarumi. Na ji zafin hakan. Irin waɗannan finafinai sun samo tushe ne daga surutun la'anar Fir'auna da ya biyo bayan gano kabarin Tutankhamun da Howard Carter ya yi a 1922, da mutuwar Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin aikin, a 1923, alhali shi Carter ya rayu har 1939. Tsoron la'ana suka ɗauka, haƙƙin mamaci suka bari.

Akwai rauni. Masar ɗin da aka nuna a cikin ɗakin ɗaukar fim aka gina ta, ido na gani. Komawa baya zuwa jana'izar Ananka ya yi tsawo har labarin ya yi sanyi. Sannan sun mai da Karnak sunan abin bauta, alhali wuri ne mai manyan haikalai kusa da Luksor.

Mai neman jini da firgita na zamani zai ga fim ɗin yana tafiyar hawainiya. Mai son iya wasa da natsuwar labari ya neme shi, Turancinsa a bayyane yake, ba ya wahalar ji. Ban ba da shawarar a kalla da ƙananan yara ba, saboda wurin shaƙe mahaifin John a ɗakin asibiti yana da nauyi.