Tsohuwar PlayStation 2 ta fi duk tarkacen ɗakina amfani

Akwai wani ɗan ɗaki a gidanmu da aka gina da niyyar sito, amma ko buhun masara ɗaya bai taɓa kwana a cikinsa ba. Uwargida "maƙabarta" take ce masa. A ciki na jibge kwamfutar tebur mai Pentium 4 da har yau Windows XP ce a kanta, da laftof biyu waɗanda batirinsu ya daɗe da mutuwa, da Sega Mega Drive, da irin gem ɗin nan mai rawayen kaset da muka taso muna harbin agwagi da shi, da bidiyo mai kaset, da rediyon mahaifina, da Nokia 3310 guda uku a cikin gwangwanin madara. Duk ranar da 'yan gwangwan suka ratso layinmu da baronsu, sai ta leƙo ta ce, "Malam, ga mutanenka nan fa, in kira su?" Ni kuwa sai in yi kamar ban ji ba.

Gaskiya ce, ba zan ja da ita ba: yawancin kayan nan ajiya kawai suke. Sau ɗaya a shekara nake kakkaɓe su, in jona, in ga fitila ta kawo, in mayar. Abu ɗaya ne ya bar sito ya koma falo ya samu wurin zama ƙarƙashin talabijin, wato PlayStation 2 siririya da na saya ta hannu a wani shago a Sabon Gari shekara uku da suka wuce. Kuɗinta a lokacin, da hannu biyu da memori da wayoyi, bai kai na buhun shinkafa ba. Ita nake so in yi bayani a kai, don mutane da yawa suna tambayata ko akwai hikima a sayen na'urar da ta girmi wasu matan aure.

Kamfanin Sony ya fara fitar da ita a Japan ranar 4 ga Maris 2000, ta isa Amurka a Oktoba, Turai kuma a Nuwamba na wannan shekarar. Ta farkon ƙatuwa ce mai aljihun faifai da ke fitowa kamar na bidiyon DVD. Siririyar a ƙarshen 2004 ta fito, murfinta ta sama ake buɗewa, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Sai a farkon 2013 aka daina ƙera ta gaba ɗaya, bayan an sayar da fiye da miliyan 155, kuma har yau ba a yi na'urar gem ta gida da ta kai ta kasuwa ba. Wannan adadin shi ne sirrin arharta a wajenmu. Abin da aka ƙera da yawa haka ba ya ƙarewa a kwantenar 'yan Beljiyam, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa.

Da na je saye, abin da na fara yi shi ne kifa ta in karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe ɗan gari ne." Tawa SCPH-77004 ce. Lambobi biyun ƙarshe su ke gaya maka inda aka yi ta dominsa: 04 Turai, 03 Ingila, 01 Amurka, 00 Japan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta Turai tsarin hotonta PAL ne irin namu, ta Amurka kuwa NTSC, wanda a wasu tsofaffin talabijin sai ka ga hoton ya fito baƙi da fari. Sannan ƙatuwar ta Amurka wutar 120 take sha, mu kuma tamu 230 ce. Ka jona ta kai tsaye a bango, ƙauri kawai za ka ji. Duk wanda zai saya, ya karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar da na adaftarta kafin ya kusanci soket.

In ka duba cikinta da idon yau, abin dariya ne. Ƙwaƙwalwarta, wadda suka raɗa wa suna Emotion Engine, gudunta bai cika megahaz 300 ba. Ma'ajiyar aikinta megabait 32 ce, memorin ajiye wasa kuma megabait 8, wato hoto biyu ko uku na wayar zamani sun cika shi. Amma da wannan ɗan abin ne aka yi wasannin da suka hana mu zuwa lesin.

Ni ɗan gidan gem ne, ba na ɓoyewa. Wajen 2005 zuwa 2007 akwai wani shago a bayan layinmu mai benci biyu da talabijin uku masu ƙeya, da ƙaramin janareta yana hayaƙi a bakin ƙofa. Dokar wurin ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci yana nan zaune. Kowa Inter Milan yake son ɗauka a Pro Evolution Soccer 5, saboda Adriano da Obafemi Martins suna gaba, ɗaya ga ƙafar hagu kamar guduma, ɗaya ga gudu kamar barewa. A na 6, wanda ya fito a 2006, ƙarfin bugun Adriano 99 ne, daga tsakiyar fili ma sai ya gwada mai tsaron gida. Har sai da aka kafa doka a shagon cewa ba a ɗaukar Inter sai in duka biyun sun yarda. Liverpool kuwa "Merseyside Red" aka rubuta mata don ba su da lasisin sunan, mu ko a jikinmu.

Na ɗauka in na sake kunna wasan nan bayan shekaru goma sha wani abu zan ga ashe ƙuruciya ce kawai ta ƙawata shi. Ba haka abin ya kasance ba. Fuskokin 'yan wasan kam sun tsufa, wasu kamar an sassaƙa su da gatari. Amma yadda ƙwallo take tafiya, da nauyinta a ƙafa, da yadda fas ɗin ratse yake tsaga baya in ka auna lokaci daidai, duk suna nan da daɗinsu. Yarona na fari, wanda ya saba da na waya, sati guda ya yi yana raina hoton, yanzu kuwa shi ke riƙe da Master League, sashen wasan da ake gina ƙungiya daga tushe, ya san Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙirƙira da ake farawa da su, fiye da yadda ya san 'yan ajinsu. Rannan ɗan yayana ya zo hutu, na ba shi ci huɗu da nema, ya ajiye hannun ya ce, "Baffa, wallahi wannan hannun ne ba shi da kyau." Haka mu ma muke cewa a zamaninmu.

Sai dai a wannan karon yaron yana da 'yar gaskiya, kuma nan ne matsala ta farko. Hannu biyun da aka haɗo mini, ɗaya na asali ne, DualShock 2, ɗayan kwaikwayo. A ido ba ka bambancewa, har tambarin an buga. A tafin hannu ne za ka gane: na asalin ya fi nauyi, wayarsa ta fi kauri da tsawo, maɓallansa suna jin bambancin danna a hankali da danna da ƙarfi. Na kwaikwayon wata biyu ya yi sandar hagu ta fara jan ɗan wasa gefe ita kaɗai, kamar akuya mai neman dusa. Na sayi irinsa har uku kafin na yi hankali na nemi tsohon na asali, ko da ya goge. Tsoho ɗaya na asali ya fi sabbin jabu biyar.

Matsala ta biyu ita ce idon da ke karanta faifai. Na'ura mai shekara kusan ashirin, ga ƙurar hunturun Kano da ba ta jin ƙofa ko taga, dole ido ya raunana. Tawa ta fara da jinkiri, sai faifan ya yi ta juyawa kafin wasa ya tashi. A siraran kuma akwai wata siririyar waya mai faɗi a ƙarƙashin idon, wadda in mannenta ya saki takan ɗago ta riƙa gogar faifai ta yi masa zobe. Kafin ka biya kuɗi, buɗe murfin ka duba ta, ka kuma sa mai shago ya kunna maka faifai a gabanka, ba filashi kaɗai ba.

Abin da ya raba ni da wannan damuwar shi ne memori mai ɗauke da Free McBoot. Wata 'yar manhaja ce da masu sha'awar na'urar suka ƙirƙira. Kana soka memorin, kana kunnawa, sai ta ba ka damar buɗe Open PS2 Loader, wanda shi ke tayar da wasa daga filashi ba tare da faifai ba. Ba a kwance na'ura, ba a taɓa ta da dalma. Na kwafe faya-fayaina a kwamfuta na zuba a filashi, su kuma na mayar da su kwali. Abin lura: siraran ƙarshe, jerin SCPH-90000 masu adafta a ciki, da yawansu waɗanda aka ƙera daga baya ba sa karɓar Free McBoot. Shi ya sa na fi ba mutane shawarar jerin 70000 zuwa 79000, duk da wahalar ɗaukar adafta a waje.

Filashin ma da nasa ciwon kan. Ramukan USB biyun da ke gabanta na tsohon yayi ne, 1.1, masu tafiyar hawainiya. Wasan ƙwallo lafiya lau yake tafiya, amma wasannin da ke da dogon bidiyo a tsakiya sai ka ji murya tana sarƙewa, hoto yana tsalle. Kuma filashin da aka tsara a FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai an datsa shi da wata manhajar kwamfuta mai suna USBUtil. Akwai hanyoyin da suka fi sauri: siririyar tana da ramin wayar netwok a baya, ana iya jawo wasa daga kwamfuta ta nan, akwai kuma wani ɗan abu, MX4SIO, da ake soka katin SD a cikinsa a sa a ramin memori. Na gwada ta netwok da ɗaya daga laftof ɗin maƙabarta, ta yi aiki sosai. Ranar na ce wa uwargida, "Kin ga amfanin ajiya?" Ta ce, "Ɗaya cikin ashirin."

Hoto a talabijin na zamani shi ne inda mutane suka fi karaya. In ka jona ta da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, a babban allo, sai ka ga komai ya dushe kamar an shafa masa man shanu. Ba laifin na'urar ba ne, don talabijin mai ƙeya aka yi ta. Mafita biyu ce. In talabijin ɗinka yana da ramuka biyar, kore da shuɗi da ja da kuma biyu na sauti, nemi waya mai kai biyar, bambancin a fili yake. In babu, akwai ɗan ƙaramin adafta mai mayar da hoton HDMI. Amma kafin ka jona shi, shiga saitin na'urar ka sauya fitar hoto daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr, in ba haka ba allo baƙi ƙirin za ka gani, ka yi zaton an sayar maka da gawa. Ni kwana biyu na yi ina zargin adaftan kafin na gano.

Inda ta fi burge ni, kuma dalilin da ya sa ta kori wadda ta fi ta zamani daga falo, shi ne wuta. Na taɓa riƙe PlayStation 4 ta wani abokina wata guda. Hotonta kam ba a magana. Amma tana shan wuta sama da wat 100 in ana wasa, ga sabunta manhaja da ke cinye data, ga faifai ɗaya da kuɗinsa ya isa cefanen sati. Siririyar PS2 ba ta kai fankar sama shan wuta ba. Ƙaramar inbata da batir ɗaya da nake da su suna riƙe ta da talabijin daga bayan isha'i har yara su yi barci. Ba ta neman intanet, ba ta neman asusu ko kalmar sirri, ba ta cewa a jira ta sauke wani abu. In an ɗauke wuta an dawo da ita, ka danna maɓalli, cikin minti ɗaya an take leda. Batirin agogonta na ciki, CR2032 irin na kwamfuta, ya mutu, don haka kullum tana zaton muna shekarar 2000. Na bar ta a haka, ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Wata magana ga iyaye. Masu shago sukan cika filashi da wasanni su ba ka, ba tare da tambayar wa zai buga ba. Grand Theft Auto: San Andreas na 2004 da God of War na 2005 suna cikin waɗanda suka fi suna, kuma duka biyun na manya ne, akwai zubar da jini da abubuwan da ba za ka so ɗanka ya gani ba. Ni filashi biyu gare ni. Na yara yana da ƙwallo da tseren mota irin Need for Speed: Most Wanted, shi ke zama a jikin na'urar. Ɗayan yana aljihun motata.

To, wa zan ce ya saya? Mai yara biyu ko uku da ke faɗa a kan wayarsa, mai wutar sola 'yar kaɗan, da wanda ya yi zaman benci irin nawa yana son ya koya wa ɗansa ladabi a fili. Wanda kuwa yake son buga wasa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet, ko ganin 'yan wasan bana da sababbin rigunansu, ya tara kuɗinsa ya sayi ta zamani. Wasan ƙwallo na ƙarshe da Konami, kamfanin da ke yin Pro Evolution Soccer, ya fitar mata shi ne PES 2014, duk abin da ka gani a kasuwa da sunan na bana gyaran hannu ne aka yi wa tsoho.

Satin da ya wuce na koma shagon neman abin da ake jona hannu huɗu da shi, don yaran sun fara yawa a falo ranar Asabar. Ban samu ba, amma na ga wata ƙatuwar ta Turai a kan kanta, da ramin hadis (hard disk) a bayanta, ƙura ta rufe ta. Mai shagon ya ce idonta ya mutu, in ba da abin da ya sauwaƙa. Tana but ɗin mota yau kwana shida, ina jiran ranar da uwargida za ta tafi unguwa.