Yadda Ake Biyan Kuɗin Sabon Rufi a San Faransisko

Yaya, a San Faransisko, birnin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum yakan mallaki gidan da darajarsa ta haura dala miliyan ɗaya, amma ranar da rufin ya fara yoyo sai a tarar ba shi da tsabar kuɗin sauya shi, domin dukiyarsa duk tana kwance a cikin ginin. Rufin kwalta da aka fi amfani da shi a Amurka yakan yi shekara 20 zuwa 30, kuma kamfanin inshora ba ya biyan wanda tsufa ya cinye, sai wanda guguwa ko gobara ta lalata. Saboda haka da yawa bashi suke ci.

Mafi sauƙin kuɗin ruwa shi ne bashin banki wanda ake jinginar da gidan, sai dai yana ɗaukar makonni, kuma wanda ya gaza biya zai iya rasa muhallinsa. Akwai kuma bashin gyaran gida da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayyar Amurka, take tsaya wa, wanda aka daɗe da ƙayyade shi a dala 25,000, adadin da sau da yawa ba ya isa a birni irin wannan.

Wanda na fi jin tsoro shi ne bashin da ɗan kwangila yake kawowa har ƙofa, a sa hannu a kan waya cikin mintuna kaɗan. Za a ce babu ruwa har tsawon shekara guda, abin da yake jan hankalin 'yan'uwanmu masu gudun riba, amma a cikin ƙananan rubutun takardar akan tarar cewa idan wa'adin ya cika da sauran ko dala ɗaya, za a lissafa ruwan tun daga ranar farko. Shirin PACE, na ba da bashin gyaran gida don rage cin makamashi, shi ma haka yake da daɗin shiga: ana ɗora bashin a kan harajin gida, sai mai shi ya tashi sayarwa ya ga ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Abin da zan yaba shi ne dokar Kalifoniya, wadda ta hana ɗan kwangila karɓar kafin alƙalami fiye da kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Duk da haka, idan bai biya masu sayar masa da kaya ba, suna da ikon ɗora bashinsu a kan gidan ko da mai gida ya biya shi cas, shi ya sa masu wayo ba sa sakin kuɗin ƙarshe sai sun karɓi takardar da kowannensu ya sa hannu cewa ba ya bin komai.