Kyamarar da ta cinye mana wasan ƙarshe

Masu tambayata da wace kyamara nake ɗaukar wasanninmu na gidan gem, ga amsarku. Irin ƙananan nan ce masu girman kwalin ashana, waɗanda ake rubuta wa 4K, wato alamar hoto mai matuƙar tsabta, ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Kun san su, kun san kuɗinsu. Na saye ta ne don ina so a ga talabijin, a ga hannayen 'yan wasa a kan fad, a kuma ji ihun yara, abin da hoton cikin PS4, na'urar gem ɗin da muke buga ƙwallo da ita, kaɗai ba ya bayarwa.

Da farko wallahi ta burge ni. Ba nauyi, sautinta ba laifi. Baƙaƙen layukan da ke gangarowa a fuskar talabijin ne suka so su ɓata min rai, amma da na shiga saiti na ɗauke ta daga 50Hz zuwa 60Hz, wato saurin sauyawar hoto a daƙiƙa, sai suka ragu sosai, domin a 60 PS4 ke fitar da hoto. Na kashe ƙwan da ke haskawa a gilashi, na rage hasken talabijin, hoto ya fito tas. Har wasu na tallata wa ita.

Sai ranar wasan ƙarshe na gasar unguwarmu. Lokacin zafi ne, ɗaki ya cika maƙil, fanka ɗaya ke juyawa. Batir cike yake, memori sabo. Aka tashi canjaras, aka yi ƙarin lokaci, aka tafi fenariti. Wani yaro da ba wanda ya sa shi a lissafi tun farkon gasar, shi ya tare bugu biyu a jere ya ɗauki kofi. Ɗakin nan ya kaure da sowa, har masu shagunan maƙwabta suna leƙowa. Na kai hannu in tsayar da ɗauka, na tarar kyamara ta mutu, ta yi zafin da ba ta riƙuwa. Ba ƙara, ba gargaɗi, kawai ta kashe kanta.

Na ce to, aƙalla abin da ta ɗauka kafin ta mutu yana nan. Na sa memori a kwamfuta, ga fayil da nauyinsa, amma ya ƙi buɗuwa. VLC, manhajar kallon bidiyo, ya ƙi, waya ta ƙi, CapCut na tace bidiyo ma ya ƙi. Wani abokina mai tace bidiyon biki ne ya fahimtar da ni cewa fayil na MP4 sai an tsayar da ɗauka yake rubuta bayanin da ke nuna wa na'ura yadda za ta karanta shi, idan wuta ta yanke kafin nan sai ya zama gawa. Ya gwada ceto shi, abin da ya fito gutsattsari ne marasa sauti.

Washegari yaron ya same ni yana murmushi, ya ce, "Yaya, yaushe za ka ɗora? Na gaya wa 'yan ajinmu su jira." Har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake. Allah ya sa wani ya danna maɓallin Share a fad, PS4 ta ajiye mintuna 15 na ƙarshe a 720p, wato matsakaicin ingancin hoto. Bugun yana ciki, amma babu fuskarsa, babu sowar, babu abin da na kashe kuɗina dominsa.

Don in yi mata adalci, gajerun bidiyoyin da ta ɗauka kafin ranar suna da amfani, sai dai akwai aiki kafin a ɗora. Fayilolinta nauyi gare su, kuma murya takan zame ta bar hoto idan bidiyo ya yi tsawo. HandBrake ne ya fitar da ni, manhaja ce ta kyauta. Ina zaɓar tsarin matse bidiyo na H.264, in tsayar da hotuna 30 a kowace daƙiƙa ba hawa ba sauka, sai murya ta daidaita. YouTube na ba da shawarar 8 Mbps, wato nauyin data a kowace daƙiƙa, ga ingancin 1080p mai hotuna 30, wato minti 10 zai ci kusan MB 600. Ni 720p nake saukewa a 5 Mbps, bai kai MB 400 ba, datata ta huta.

Amma a wajen tacewar nan ma wani takaicin ya taso. 4K ɗin nan suna ne kawai, da ka matso da hoto sunayen 'yan wasa sai su narke, ba ka iya karanta minti nawa aka yi. Gilashinta kuma yana lanƙwasa gefen talabijin, sai ka yanke kusan rabin hoton.

Na mayar da ita shago, na ce, "Alhaji, kayan nan ba su riƙe dogon ɗauka." Ya ce ai dama ba a yi ta don haka ba. To ranar da na ce masa cikakken wasa zan riƙa ɗauka, me ya hana shi faɗa? Ya ƙi karɓa, ya ƙi canzawa. Na yi niyyar ba ta tauraro biyu saboda sautin, amma ɗaya zan ba ta. Mai son ɗaukar gasa ya yi amfani da wayarsa, ya tsayar ya sake kunnawa a hutun rabin lokaci.