Taka da Dunduniya ko Yin Ɗage: Me Kowanne Ke Nunawa?

Idan likita ya ce majinyaci ya taka da dunduniya, tsokar gaban ƙwauri yake dubawa, mai ɗaga tafin ƙafa sama. Umarninta daga saiwar L4 da L5 (tushen jijiyoyin da ke fitowa daga laka a ƙasan baya) yake zuwa, ta jijiyar feroniyal. Jijiyar nan tana zagaye siririn ƙashin gefen gwiwa dab da fata, shi ya sa matsattsen ɗaurin karaya ko yawan harɗe ƙafafu ke danne ta, yatsu su riƙa jan ƙasa.

Ɗage kuwa aikin sha-raɓa ne, ta jijiyar tibiyal da ke bi ta bayan ƙafa, daga saiwar S1 da S2 da ke ƙasa da L5. Tsokar tana da ƙarfin gaske, gwajin da likita ke yi da hannu ba ya cika gano rauninta. Gara a sa mutum ya maimaita ɗage da ƙafa ɗaya, a kwatanta da ɗayar.