Gargaɗi: Camry 'yar 2008 aka sayar mini da sunan 'yar 2010 a kan naira miliyan 9 da dubu 800

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga duk wanda yake shirin sayen motar iyali a Kano da kewaye, musamman Toyota Camry ɗin nan da ake kira Muscle, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2011. An karɓi naira miliyan 9 da dubu 800 daga hannuna, ban da la'adar naira dubu 150 da na ba wanda ya haɗa mu, a kan motar da aka rantse mini cewa 'yar 2010 ce, saukarta ke nan daga jirgi, alhali kuwa 'yar 2008 ce da ta yi mummunan haɗari a Amurka, aka sauya mata fuska, aka mayar da mitarta baya, aka kuma haɗa mata takardun kwastam na bogi. Lauyana ya hana ni ambaton sunan dillalin da sunan filinsa har sai magana ta je gaban alƙali, amma hotunan takardun, da rasit, da saƙonnin muryar da ya turo mini ta WhatsApp duk suna nan, kuma zan saka su da zarar an ba ni izini.

Tun da labarin ya fita, 'yan'uwa da abokan aiki suke tambayata yadda aka yi mutum kamar ni ya faɗa wannan tarko, wasu ma da murmushi a fuskarsu. To, a sani cewa ban yi cinikin biri a sama ba. Na je filin da kaina da rana tsaka, na tafi da bakaniken da yake gyara mini mota shekara da shekaru, mun hau titi da ita har mun fita bayan gari, na kuma gwada lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin takarda, harafi bayan harafi, duka 17 ɗin, suka yi daidai. Na buɗe but, na ɗaga kafet, na shinshina ko zan ji warin ruwa, domin na san ana kawo motocin da ambaliya ta cinye a can. Me kuma ake so mai saye ya yi bayan wannan?

Kuma na san abin da nake nema. Camry ta Amurka ta 2007 zuwa 2009 tana da inji mai lita 2.4 da giya biyar, kuma sanannen abu ne a wajen makanikai cewa idan wannan injin ya yi tafiya mai nisa yakan fara shan baƙin mai. Daga 2010 aka koma inji mai lita 2.5 da giya shida, aka ɗan sauya bamba da fitilu da ragar gaba. Saboda wannan bambancin ne na ƙara kuɗi, na sayar da tsohuwar Honda Accord ɗina, na haɗa da kuɗin adashe da abin da maiɗakina ta ara mini daga sana'arta, har suka kai miliyan 9 da dubu 800. Ƙananan matsalolin wannan mota ba su taɓa ba ni tsoro ba, domin na daɗe da sanin cewa saman dashbod ɗinta yakan yi danƙo idan rana ta dake shi, abin kare rana yakan saki ya riƙa faɗowa, famfon ruwa yakan fara ɗiga, shokozoba kuma ba ta daɗewa a titunanmu. Duk waɗannan kayan ana samun su a Ƙofar Ruwa, kuma babu garejin da za ka shiga a ce ba a san ta ba. Na ware kuɗinsu a gefe. Ba ni da ƙorafi a kan motar a matsayinta na mota, ƙorafina a kan mutumin da ya dube ni ya yi mini ƙarya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka ɗaga bonet. Bakanikena ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ai wannan injin 2.4 ne." Dillalin ko gezau bai yi ba. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, yaronka ya san aiki. Ai 'yar 2010 iri biyu ce, ta ƙasashen Larabawa da 2.4 ta ci gaba da zuwa. Wallahi wannan motar ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya zan iya ba shi ita." Maganar kuma akwai gaskiya a cikinta, domin lallai Camry da aka kai ƙasashen Larabawa ta ci gaba da wannan injin har 2011, bakanikena ma ya gyaɗa kai ya ce ya taɓa ganin irinta. Da gaskiya ya naɗe ƙaryarsa, shi ya sa ta shige. Daga nan aka kira sallar La'asar, muka yi sahu ɗaya, kafaɗata na gogar tasa, muka fito ya sake cewa, "Malam, ko sukurudireba ba a taɓa sa mata ba." Ina ta maimaita wannan a zuciyata dare da rana: dariyar, da hannun a kafaɗata, da "ko ƙanena". Mutum ne mai furfura, wanda a haife ya kusa haifata, kuma surukin abokin aikina ne ya kai ni wurinsa. Idan ba a yarda da irin wannan ba, da wa za a yarda?

A wurin na tura masa miliyan 9 cif. Dubu 800 ɗin kuwa tun kafin ranar na ba da su a matsayin kafin alƙalami, domin ya bugo mini waya da daddare yana cewa wani mutum daga Katsina yana hanya da kuɗi a hannu, amma shi ya fi son ta zama rabona saboda darajar wanda ya haɗa mu. Wannan kiran ma na adana shi.

Hayaƙi ne ya fara tona asiri, sai kuma jami'an kwastam, domin abubuwan sun zo kusan tare. Da safe idan na tayar da ita sai shuɗin hayaƙi ya fito ta salansa, abin da ban gani ba a filin, saboda duk zuwan da na yi na tarar da injin da ɗuminsa, an riga an tayar da shi kafin in iso. Da muka juye baƙin man da ke ciki sai ya fito da kauri fiye da kima. Wannan injin mai sirara 5W-20 aka rubuta masa, su kuwa sun ɗura mai kauri sun haɗa da maganin da ke ɓoye hayaƙi. Da aka zuba wanda ya dace, sandar awo ta fara sauka kafin in ƙarar da tankin fetur. A tsakanin nan ne na ɗauki iyalina za mu je biki, aka tsayar da mu a hanya, jami'in ya karɓi takardun ya buga lambar, ya dawo ya ce mini cikin ladabi cewa wannan lambar biyan kuɗin fito ta wata mota ce daban. A gaban matata da 'ya'yana aka faɗa mini haka, ina tsaye a bakin titi riƙe da takardar da na biya miliyan 9 da dubu 800 a kanta.

Wani matashi mai duba mota da kwamfuta shi ne ya ƙarasa warware mini sauran. Ya nuna mini cewa a lambar shasi ta motocin Amurka, gurbi na 10 shi ne yake nuna shekarar mota: daga 2001 zuwa 2009 lamba ce daga 1 zuwa 9, 2010 kuma harafin A ne. Tawa 8 ce. Farkon lambar kuma 4T1 ne, wato a jihar Kentaki ta Amurka aka haɗa ta, ba ta taɓa ganin Dubai ba. Lambar da na gwada harafi bayan harafi gaskiya ce, shekarar da aka buga a gefenta ce ƙarya, sitikar jikin ƙofar direba da ke nuna wata da shekarar ƙira kuma an ɓamɓare ta an fesa fenti a wurin. Muka biya kuɗi a intanet aka fito da tarihinta, sai ga hotonta a filin gwanjon motocin da suka yi haɗari, gaban ya lotse har zuwa lagireto, jakunkunan iska biyu na gaba, waɗanda suke kumbura su kare mutum idan an yi karo, duk sun fashe, mita kuma tana nuna mil dubu 214. Ranar da na saya mil dubu 96 take nunawa.

Da aka kwance sitiyari babu jakar iska a ciki, soso ne aka cusa aka mayar da murfi. Fitilar da ya kamata ta yi gargaɗi a kan haka an toshe ta ta baya da baƙin salatif, haka ma fitilar inji, domin sun cire indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, sun sayar, sun yi wa bututun walda. A cikin wannan motar na ɗora 'ya'yana a kan babbar hanya ina jin cewa na saya musu aminci. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai, ko da yake kuɗin ma ba ƙarami ba ne: miliyan 9 da dubu 800, da la'ada dubu 150, ga kuma abin da na kashe wajen lamba da inshora da binciken da ya tona su.

Na koma filin, kuma wannan tun kafin a fito da tarihin ne, lokacin hayaƙi kawai na sani. Dillalin ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce fetur ɗin da nake sha ne ba shi da kyau. Da na dawo da hotunan gwanjo sai murya ta sauya, ya ce shi ma haka aka kawo masa daga Legas, kuma ai na zo da bakanikena ya duba, an yi ciniki an gama. Da na tuna masa rantsuwarsa sai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, kasuwa ce." Wanda ya karɓi la'adar dubu 150 ya daina ɗaga wayata, abokin aikina kuma yanzu sai ya kauce idan ya hango ni. Dattawa sun shiga tsakani, aka ce zai mayar mini da miliyan 1 a rufe magana, na ƙi, kuma har gobe ba zan karɓa ba. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, takardun kuma suna hannun lauya.

Ga mai son saye: ka ƙirga gurbi na 10 a lambar shasi, ka biya a fito maka da tarihin motar, ka kai takardun ofishin kwastam a tantance kafin ka ba da ko sisi. Ka je da sassafe injin yana da sanyi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama, idan ɗaya ba ta kama ba ka yi tafiyarka. Kada rantsuwa ta hana ka ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hotunan suna tafe in Allah ya yarda, har da saƙon muryar da yake cewa "ko ƙanena". Akwai wasu Camry biyu da Accord ɗaya a filin nan masu sabon fenti da sababbin fitilu, kuma na ji an riga an ba da kafin alƙalami a kan ɗaya. Wanda ya ba da kuɗin, idan ya gane filin daga wannan bayanin, ya je ya duba lambar shasi yau, ko ya yi mini magana ta akwatin sirri in nuna masa abin da ke hannuna.